Na je Andalus neman ilimin ruwa, na tarar da fari

Tun da na dawo daga Sifaniya, duk wanda ya tare ni tambayarsa ba ta wuce "Ya Turai?", ni kuma in ce "Alhamdulillahi." Ba ƙarya nake yi ba, godiya wajibi ce a kowane hali. Sai dai akwai maganar da ke bayan wannan amsar wadda ban taɓa warware wa mutane ba, kuma yanzu da nake ganin ƙannenmu a jami'a suna rububin neman irin gurbin da na samu, zuciyata ta ƙi barina in ci gaba da yin shiru. Zangon karatun da na yi a 2023 a birnin Sebiya, garin da masu kallon ƙwallo suka sani ta kulob ɗin Sevilla, bai yi mini daɗi ba. Abin da na je nema ban samo ko rabinsa ba.

Ni ɗan Kura ne a jihar Kano, a gonar shinkafa na tashi. Mahaifina na cikin manoman da ke shan ruwan madatsar Tiga ta magudanan Kadawa, rani da damina ba ma hutawa. Shi ya sa da na shiga jami'a na zaɓi injiniyancin noma, zuciyata kuma na kan ɓangaren ban ruwa. Ina aji uku aka liƙa sanarwar gurbin musayar ɗalibai a ƙarƙashin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai: zango ɗaya a wata jami'a a kudancin Sifaniya, da kuɗin jirgi, da Yuro 850 duk wata. Da na bincika na ga fadamar kogin Gwadalkibir, kudu da Sebiya, ita ce ta fi ko'ina noman shinkafa a ƙasar, sama da hekta 30,000 a shimfiɗe, har da jirgin sama suke watsa iri, sai na ce wannan rabona ne ya tsaga.

Shi kuwa Baba ba shinkafar ce ta taɓa shi ba. Da na ce masa sunan yankin Andalusiya, sai ya ajiye carbinsa ya ce, "Andalus ɗin su Alfazazi?" Baba ɗan Ishiriniya ne, tun muna yara da muryarsa muke barci a watan Maulidi, kuma ya san mai waƙar mutumin Ƙurɗuba ne. Daga ranar tafiyar ta tashi daga tawa ni kaɗai, ta zama ta gidanmu duka.

Kuɗin tallafin sai ka isa can ake fara ba ka, amma kafin ka isa akwai inshorar lafiya, da kuɗin biza, da tikiti, da zirga-zirgar Legas. Lokacin kuma ya faɗo daidai da sauya fasalin naira, watannin Janairu da Fabrairun 2023, sa'ad da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a hannu. Baba ya fito da shansherar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja, ya sayar wa mai tsabar kuɗi a farashin da mai sayen ya ga dama. Bai taɓa yi mini gori ba. Ni ne dai na ga buhunan da suka fita daga ɗakin ajiya, kuma lissafinsu ya bi ni har cikin aji a Turai.

Biza ba ta fito da wuri ba. Na bi ta Kasablanka na sauka Madrid, na hau bas ta kusan awa shida zuwa Sebiya, don jirgin ƙasan da ke yin tafiyar a awa biyu da rabi ba na aljihuna ba ne. Ko da na isa an yi makonni ana karatu. Makon tarbar baƙin ɗalibai ya wuce, ajin koyon harshe ya cika, kowa ya riga ya kama abokansa.

Neman ɗaki ne ya fara nuna mini matsayina a garin. In ga talla a intanet, in tura saƙo da ɗan Sifaniyancin da na koya a waya, a amsa mini da fara'a cewa ɗaki yana nan. Da zarar an tambayi ƙasata na ce Najeriya, ko aka ga hotona a WhatsApp, sai a ce yanzun nan wani ya kama. Wata mata ta sa mini lokaci, na yi doguwar tafiyar ƙafa na isa, na danna ƙararrawa. Ta leƙo ta barandar bene, muka haɗa ido, ta koma ciki. Na ci gaba da tsayuwa ina kiran wayarta tana shiga ba a ɗauka, har na haƙura. Ga shi komai a ɗaure yake da ɗakin, sai da adireshi ake maganar rajistar zama da sauran takardu. Ina kwana a masaukin matafiya, gado kan gado, kuɗin shinkafar Baba na narkewa.

Daga baya na samu ɗaki a yankin Macarena, kusa da unguwar El Cerezo inda baƙi suka fi yawa, akwai mahautan Maroko masu yankan halal da shagunan 'yan Kudancin Amurka. Ana cewa Sebiya garin zafi ne, kuma haka ne, amma don zafin aka gina gidajen: tayil a ƙasa, ba abin ɗumama ɗaki. Sanyin cikin ɗakin nan ya fi na waje, da rigar sanyi da safa nake kwana. Kilishi ba a barin a shiga da shi Turai, don haka Inna ta ƙulla mini kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da daddawa. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka, ina cikin shaƙar ƙamshin gida, sai ɗaya daga cikin abokan zamana ya shigo kicin ya bubbuɗe tagogi, bai ce mini uffan ba. Da daddare aka tura saƙo a zauren WhatsApp na gidan cewa don Allah a riƙa kula da warin abinci. A firij ɗin da muke tarayya, yankakken naman alade ne a saman kwanona kullum, ban taɓa ɗaga kai ba. Na naɗe daddawar a leda na tura ta ƙasan akwati. Daga nan abincina ya koma ƙwai da kifin gwangwani da taliya, kuma ko biskit zan saya sai na tsaya karanta bayan leda, domin a can kitsen alade har cikin kayan zaƙi ake sa shi.

Duk wannan mai sauƙi ne da a ce karatun ya tafi daidai. Kwasa-kwasai biyar na zaɓa tun ina gida, daga jerin da aka nuna cewa mai jin Ingilishi zai iya ɗauka. Sai da na zauna a aji na gane abin da ake nufi: malami zai ba ka sunayen littattafan Ingilishi, zai kuma yarda ka amsa jarrabawa da Ingilishi, amma lacca da tambayoyi da barkwanci da sanarwar sauya lokaci duk da Sifaniyanci ne. Ba kuma irin na cikin waya ba. Mutanen Andalusiya da sauri suke magana, suna haɗiye ƙarshen kalmomi, jimla ta fito a dunƙule. Nakan naɗi muryar malami, in dawo ɗaki in yi ta maimaitawa har tsakar dare, duk da haka rabi nake kamawa. A gida ina cikin na gaba-gaba a ajinmu. A can na koma wanda ake yi wa magana da ɗaga murya ana haɗawa da nuni.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta gwajin gudun ruwa a ɗakin gwaje-gwaje. Kayan aiki ne da a jami'armu a hoton littafi kawai muke ganinsu: doguwar magudana ta gilashi, da famfo, da ma'aunai masu tura sakamako kwamfuta kai tsaye. Malami ya ce a rabu uku-uku. Kafin ƙiftawar ido kowa ya ja kujerarsa wajen nasa, na rage ni kaɗai a tsaye da littafina. Malamin mutumin kirki ne, ya kama hannun rigata ya kai ni wajen wasu, suka matsa mini. Lissafin da ake nema na san shi sarai, tun a aji biyu muka yi shi, na ma hango inda suka kuskure wajen sauya ma'auni. Kafin in harhaɗa kalmomin da zan faɗa, sun wuce shafi na gaba. Da aka zo rubuta rahoto suka ce kar in damu, za su sa sunana. Taimako suka ɗauka suna yi mini, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Ni kuwa a bas ɗin komawa gida hawaye ne ya riƙa zubo mini, domin ba suna na tsallako teku a sa mini ba.

Sauran baƙin ɗalibai, Italiyawa da Jamusawa da Faransawa da Amurkawa, ba su da wannan damuwar. Haɗuwarsu ta dare ce, a dandalin Alameda ko a bakin kogi, kuma giya ce ke haɗa zaman. Na ɗan bi su da lemon kwalba a hannu, ba wanda ya takura mini, amma kafin dare ya raba hirar ta wuce inda zan iya bi. Ƙarshen mako su hau jirgi mai araha zuwa Lisbon ko Marrakesh, ni ina lissafin abin da zan matse in mayar gida. Sannu a hankali aka daina tunawa da ni a gayyata, ba don ƙiyayya ba.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Kwana uku bayan haka aka tura agogo gaba da awa ɗaya, shan ruwa ya koma wajen tara na dare. Sebiya ta yi sama da shekara 500 a hannun Musulmi kafin 1248, amma yau ba ta da babban masallaci ginanne. Hasumiyar tsohon masallacinta, Giralda, wadda aka kammala a 1198, ƙararrawar coci ce a samanta. Masallatan da muke salla ɗakuna ne a ƙasan benaye da aka shimfiɗa wa kafet. A nan 'yan Maroko ke raba miyar harira da dabino, Allah ya saka musu da alheri, su suka riƙe ni a watan. Sai dai Larabcinsu na gida ba na jin sa, 'yan Senegal kuma Wolof suke yi, in an sallame kowa ya kama gabansa.

A tsakiyar azumin aka shiga babban makon ibadar Kiristoci, daga 2 zuwa 9 ga Afrilu. Ban taɓa ganin gari ya miƙa kansa ga ibada haka ba. Ƙungiyoyin coci-coci na fitowa da manyan mutum-mutumi bisa dandamali masu nauyin gaske, ƙarti na ɗauke da su a wuya daga ƙarƙashi, ba a ganin komai nasu sai ƙafafu, ga dubban masu dogayen huluna masu tsini da suka rufe fuska, ga ganguna da ƙahonni da hayaƙin turare. Na ga tsofaffi suna kuka da gaske, na kuma girmama hakan. Amma hanyoyi a toshe suke, wata rana jerin gwanon ya raba ni da masallaci, magariba ta same ni a matse cikin taro, na buɗe baki da ruwan gora a tsaye.

Sallah ta kama Juma'a, 21 ga Afrilu. Na yi Idi da safe, na wuce aji da shaddata, ba wanda ya san ranar ta bambanta da jiya. Kwana biyu bayan haka aka buɗe Feria, babban bikin garin: rumfuna sama da 1,000, dawakai da kekunan doki, mata cikin riguna masu faɗi, rawa har asuba. Abin da ba a gaya wa baƙo shi ne yawancin rumfunan na iyalai ne da ƙungiyoyi, da mai gadi a ƙofa, sai wanda aka gayyata. Na zaga filin ina jin kiɗa ta bayan labule. Zamana duka a Sebiya haka yake, kamar baƙon da aka amsa wa sallama aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, sannan aka manta ba a ce ya shigo ba.

Da yake ba karatu a makon, na yi sammako na hau jirgin ƙasa zuwa Ƙurɗuba don in cika wa Baba burinsa. Ranar 27 ga Afrilu ce, ranar da zafi ya kai digiri 38.8, abin da ba a taɓa aunawa a garin ba a watan Afrilu. Masallacin da Abdurrahman na Farko ya fara ginawa wajen shekarar 785 yana nan tsaye, ginshiƙai sama da 800, bakuna ja da fari hawa biyu suna bin juna har inda ido ya ƙare. A farfajiyarsa, tsakanin itatuwan lemo, akwai 'yan ƙananan magudanai a cikin daɓe da ke kai ruwa daga gindin wannan itaciya zuwa waccan. Na durƙusa na daɗe ina bin su da ido, don wannan shi ne karatuna. Sai dai tun 1236 ginin ya koma coci, a ƙarni na 16 ma aka gina babban ɗakin ibadarsu a tsakiyarsa, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Na san da haka kafin in je. Sanin bai hana ƙirjina yin nauyi ba sa'ad da na tsaya gaban mihrabin Halifa Hakam na Biyu, ayoyi a rubuce da kalar zinare, ga shinge tsakanina da shi.

Da yamma Baba ya kira, muryarsa na rawa don murna. "Ka shiga? Ka samu ka yi raka'a biyu a ciki?" Na ce, "Baba, na shiga, na kuma yi muku addu'a." Addu'ar na yi ta, a zuci, hannuwana a aljihu. Bai ƙara tambaya ba, ya shiga sa mini albarka. Hotunan da na tura masa, na ji labari har majalisar bayan Isha'i ya kai su, waya na yawo hannu zuwa hannu.

Maganar hotunan nan ita ta fi ci mini rai. Sebiya gari ne mai kyau, duk inda ka tsaya hoto zai fito. Ka tura, a yi ta "Masha Allah", wani ya ce ka haye, wani ya ce kar ka manta da shi. To da wane baki za ka ce wa mutumin da ya sayar da shinkafarsa a karye ɗansa ba ya gane lacca?

Wanda ya nuna mini ba ni kaɗai ke ɗauke da wannan ba, a bakin danja na haɗu da shi. A manyan mahaɗun titunan Sebiya sau da yawa za ka ga baƙar fata a tsaye yana sayar wa direbobi tishu, kuma da yawansu 'yan Najeriya ne daga kudu. Wata safiya ina jiran danja ta ba masu ƙafa hannu, da jakar littattafai a bayana, sai wata tsohuwa ta kama hannuna ta danƙa mini tsabar Yuro ɗaya, ta shafa kafaɗata ta wuce. Ko in ce mata ni ɗalibi ne na kasa. "Innalillahi" ce kawai ta fito mini a fili. Sai na ji an ce daga bayana, da Hausa tsantsa, "Kai, ƙanena, daga ina?"

Mutumin Edo ne, amma a Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa har da karin Kananci. Ya bi ta Agadas, ya ratsa Aljeriya, ya yi zaman daji a arewacin Maroko kafin ya tsallako a kwale-kwalen roba. Dokar ƙasar a lokacin ta ce wanda ba shi da takardu sai ya nuna shaidar zaman shekara uku, ya kuma samo wanda zai ba shi takardar ɗaukar aiki, kafin a duba batunsa. Shekarun ya cika su tuntuni, takardar aikin ce ta gagara. Na ce, "Yaya, mutanen gida sun san sana'ar da kake yi?" Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba, ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotonsa cikin kwat a shahararren dandalin Plaza de España, daidai inda ni ma na tsaya na ɗauki nawa. Na miƙa masa kuɗin tsohuwar, ya mayar mini da hannuna ya ce, "Riƙe abinka, kai ma baƙo ne." Shi ne mutumin da na fi yin hira da shi a Sifaniya. Ni da bizata da tallafina, shi da ledar tishunsa, ba ɗaya muke ba, kuma ba zan raina wahalarsa in haɗa ta da tawa ba. Amma idon garin bai bambanta mu ba. An taɓa tsayar da ni a tashar bas an nemi takarduna, Turawan da muke tafe tare ba wanda ya ko dube su.

Abin da na rataya raina a kansa shi ne watan Mayu, lokacin da ake sakin ruwa a fadama a watsa iri, kuma a tsarin kwas ɗinmu akwai ziyarar gonakin. Sai aka sanar an soke. Shekarar fari ce mai tsanani, madatsun yankin sun ja baya ƙwarai, an zaftare mafi yawan kason ruwan manoma, kusan duk masu shinkafa suka fasa shuka. Na hau bas ni kaɗai zuwa Isla Mayor, garin da ke tsakiyar fadamar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba itace har ƙarshen gani, an daidaita ta tsaf da na'urar leza, ga manyan magudanai, ga gidajen famfo, amma gonakin ƙamas. Laka ta bushe ta tsattsage, iska na tayar da ƙura.

A wani shagon kofi na samu wani dattijo manomi. Na nuna masa hoton gonar Baba a waya, 'yan dashe sun sunkuya cikin ruwa, sai ya jawo kujerarsa kusa da ni. Ya ce iyayensa daga Balensiya suka zo, kamar da yawa cikin waɗanda suka kafa noman shinkafa a wurin. Da biro da takardar goge baki ya zana mini matsalarsu. Daga kogin suke ɗaga ruwa da famfo, kogin kuma a nan ya kusa faɗawa teku, cikowar teku na turo ruwan gishiri sama. In akwai isasshen ruwa daga madatsun sama, yakan danne gishirin ya mayar da shi baya. In ya yi ƙaranci, gishirin ya hauro har bakin famfunansu. Ga kogi a cike a gabanka, amma in ka ɗebo ka kashe shinkafarka da hannunka. Ya ce a shekara mai kyau suna samun tan 8 zuwa 9 a hekta. Na gaya masa yadda kanwa ke fitowa a wasu gonakin Kadawa inda ruwa ke kwanciya ba hanyar fita, ya gyaɗa kai ya ƙara zane. Maganarsa ta fi ta malamaina wuyar kamawa, amma na gane shi, domin ya so in gane. Wannan zaman ne ya fi komai amfanina a tafiyar, shi ne kuma ya ƙara mini baƙin ciki, don ya nuna mini yadda zangon zai iya kasancewa.

Sau ɗaya garin ya rungume ni. Daren 31 ga Mayu, Sevilla ta doke Roma a bugun fenariti a Budapest ta ɗauki kofin Europa karo na bakwai, golanta Bono ɗan Maroko ya zama gwarzo. Jama'a suka kwarara dandalin Puerta de Jerez, wani ƙato da ban sani ba ya ɗaga ni sama yana ihu, aka rataya mini gyale ja da fari. Abokaina na gidan kallo a Kura suna ta kira in nuna musu a bidiyo. Na yi murna ta gaske a daren. Washegari na shiga bas, kujerar kusa da ni ba wanda ya zauna har na sauka, yadda aka saba.

Jarrabawa ta zo a Yuni cikin zafi. A can maki daga sifili zuwa 10 ne, da 5 ake ci. Na ci uku da ƙyar, na faɗi biyu, ciki har da kwas ɗin ban ruwan da na je dominsa, saboda tambayoyin daga bayanin baki na cikin aji suka fito, ba daga littattafan da aka ba ni ba. Akwai damar sake zama, amma ta faɗo bayan ƙarewar tallafina da ranar tikitina. Da na dawo kuma sai wata ta taso. Yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya birkita kalandar karatu, tafiyata ta ci ƙarshen wani zango da farkon wani. Cikin ukun da na ci aka ce biyu ba su dace da manhajarmu ba. Na yi ta yawo ofis zuwa ofis da takardar sakamakon da ba wanda ya san yadda zai mayar da makinta irin namu. Ƙarshenta zango ɗaya ya ci mini shekara guda.

Ba cewa nake kar kowa ya je ba, na san waɗanda suka je wasu wuraren suka dawo da alheri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki yaro shi kaɗai, ba harshe, ba masauki, ba rubutacciyar yarjejeniya kan makin da zai dawo da shi, a jefa shi wata duniya, sannan a liƙa hotonsa a allon sanarwa a ce an yi nasara. Wanda ya dawo kuma kunya ta rufe masa baki, na bayansa ya tafi ya sake faɗawa ramin.

Sai da damina ta yi nisa na iya gaya wa Baba. Muna zaune a bakin gona bayan an tashi 'yan aiki, na faɗa masa komai: ɗakin, da ajin, da faɗuwar, har da cewa ba a salla a masallacin Ƙurɗuba. Ya daɗe bai tanka ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi, "Da ka faɗa mini tun kana can, ai da na san irin addu'ar da zan yi maka." Sannan ya tambaye ni su manoman da ba su yi shuka ba, da me suka ci da iyalinsu a shekarar. Na ce dattijon ya gaya mini an yi musu alkawarin tallafin fari, amma 'yan ƙwadago da ma'aikatan injinan casa su ne ba su da madafa. Ya ce Allah ya kyauta, ya sa na zana masa a ƙasa yadda gishirin ke haurowa. Abin da na matse daga tallafin na ba shi ya mayar da wani abu daga cikin buhunan, ya karɓa bayan na yi ta roƙo.

Yanzu aikin bincikena na kammala digiri a kan kanwar gonakin Kadawa nake yin sa. Abokan ajina sun gama sun tafi bautar ƙasa, ni sai baɗi in Allah ya kai mu.